Tabarmar Malama NyaHara

Mzuzu, 12 ga Yuni, 2006

Zuwa ga ƙawata Lusungu,

Gaisuwa mai yawa daga garin sanyi zuwa ƙasar da ta fi shi sanyi. Yaya jikinki, yaya gwiwar nan ta hagu da take damunki tun muna 'yan mata? Yaya aikin asibitin Turawa, da maigidanki, da yaran da na ji an ce yanzu ta hanci suke magana? Ni Towera ina nan kalau a layin masu kifi, ina warin ƙananan kifin usipa yadda kika bar ni.

Kada gabanki ya faɗi don kin ga wasiƙata bayan shekara huɗu. Ba roƙo na zo yi ba. Ƙanenki ne ya ba ni adireshin, shi ma sai da na cika masa leda da busasshen kifi kafin ya tuna inda ya ajiye shi.

Malama NyaHara ce ba lafiya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, yau mako uku tana kwance a asibitin da muka yi koyon aiki. Ran Talata na kai kifi rumfar girki ta masu jinya, wata mai shara take faɗa mini. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba tausayi ne ya kai ni ba. So na yi in ga yadda tsufa ya yi da matar da ta kore ni daga makarantar koyon jinya. Kin dai tuna: shekararmu ta biyu, ta kama ni a ɗakin mata da dafaffen ƙwai goma sha ɗaya a aljihun farin kayana, ina sayar wa masu jinya. Washegari na ɗauki akwatina. Ke kika zauna, kika zama 'yar gaban goshinta.

Karatunta ba sai na maimaita miki ba, amma zan maimaita don ki ji abin da na ji. Ita ce ta ce kowane gado majinyaci biyu gare shi, na kan katifa da na kan tabarma a ƙasa, wato ɗan uwan da ya baro gona ya zo yana dafawa yana wankewa. Ta ce nas ta fara durƙusawa ta tambayi na ƙasa ko ya ci abinci kafin ta taɓa na sama, don in na ƙasa ya faɗi, na sama ba zai tashi ba. Saboda ita aka buɗe gurbi a katin kowane majinyaci inda ake rubuta sunan mai jinyarsa. Saboda ita aka yi wa rumfar girki rufi. Littafinta an ce har ƙetaren iyaka ana koyar da shi.

To ga abin da na tarar. Sun sa ta a ɗakin alfarma na ƙarshen baranda, ita kaɗai, da labule da furanni a kwalba, ƙasa tana ƙyalli kamar a lasa. Ba tabarma. Na ɗaga katin da ke rataye a ƙafar gado, a gurbin mai jinya an rubuta da kyakkyawan rubutu: "Mu duka, ɗalibanta." Na zauna awa guda ina kallon mu duka. Wannan ta shigo ta rusuna ta duba jini ta fita. Waccan ta shigo ta rusuna ta gyara furanni ta fita. Tiren abinci yana gefen hannun da ya mutu, tuwon ya yi sanyi har ya tsage. Kowace tana zaton wata ce ke ba ta a baki.

Kin san ba ta yi aure ba. Yayanta na Rumphi ya rasu, 'ya'yansa suna can Johannesburg suna gadin gidajen mutane.

Na zaci ba za ta gane ni ba, shekara talatin da biyu ba wasa ba ne, ga shi na yi jiki. Ta juyo da ido ɗaya ta kalle ni daga ɗankwali har silifa. Bakin ya karkace, amma harshen yana nan da kaifinsa.

Ta kira ni da sunan gidanmu, ta ce, "NyaGausi. Ƙwai kika kawo?"

Na ce, "Kifi ne yanzu, Malama. Na samu ƙarin girma."

Ta ce, "Na ji tun kina baranda."

Lusungu, ki zo. Ko mako biyu ne ki nemi hutu ki zo. Ba magani ta rasa ba, magani har ya yi mata yawa. Wanda zai shimfiɗa tabarma a gindin gadonta ta rasa, kuma in aka bar ta haka, wata rana mai gyaran furanni ce za ta shigo ta tarar da ita ta yi sanyi. Ke ta koya wa komai. Ni abin da ta koya mini shi ne hanyar tasha.

Ki gaishe da mutanen gidanki da kyau.

Taki tun ta ƙuruciya,
Towera NyaGausi


Mzuzu, 9 ga Yuli, 2006

Ƙawata Lusungu,

Ina gaishe ki, ina gaishe da gwiwa, tunda ba ki faɗa mini yadda take ba. Da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Nan sanyi ya sauko sosai, yayyafi tun safe har yamma, kifi ya ƙi bushewa, masu saye sun ƙi fitowa.

Saƙonki ya iso. Safar ulun tana da kyau, Malama tana sawa. Katin ma yana da kyau, kamfanin da ya buga shi ya iya magana. Na juya shi gaba da baya ina neman hannunki, na samu layi biyu: ba a ba da hutu sai Disamba, Allah ya ba ta lafiya. Ban yi fushi ba. Na dai ce a raina Disamba tana da nisa ga mai shekara tamanin da ɗaya.

Bari ki ji yadda na jefa kaina. Ranar da na kai wasiƙar da na rubuta miki gidan waya, na biya asibiti da yamma, wai don in ga ko ta ci abinci. Ba ta ci ba. Na wanke hannu na ba ta a baki. Ta ci loma tara tana hararata. Washegari na ce bari in leƙa sau ɗaya kawai. Yanzu ƙarfe biyu na yi nake rufe kifi da buhu in bar wa maƙwabciyata NyaMvula rumfa. Layin kifi gaba ɗaya sun sa mini suna Babbar Nas. In na wuce sai su ce, "Babbar Nas, a duba mana wannan kifin, tun jiya bai motsa ba."

Mai kula da ɓangaren wata ce Sista Chavula, yarinya ce a kanmu, mai kirki, mai yawan tsoron abin da za a ce. Na nemi biro a wurinta in rubuta sunana a katin.

Ta ce, "Mama, ke 'yar uwarta ce?"

Na ce, "Ni ce wadda ta kora."

Ta ce ba za ta iya soke "mu duka" ba, ran ma'aikata zai ɓaci. Na ce to madalla, a kira mini mu duka su zo su riƙe mata ƙafa, zan wanke mata baya. Ta zo da kanta da wata ƙaramar nas. Da muka juya ta, sai ga gyambo a ƙugunta, faɗinsa kamar gindin kofin shayi. Matar da ta koya wa rabin nas-nas ɗin ƙasar nan juya majinyaci duk bayan awa biyu! Sista Chavula ta dafe baki. Na buɗe nawa zan sauke musu kwandon zagi irin na kasuwa, sai ƙaramar ta fashe da kuka ta ce, "Mama, hotonta ne a bangon ajinmu. Ta yaya zan kware mata zane?"

Sai na haɗiye zagin. Ba lalaci ba ne, Lusungu. Girmamawa ce ta kusa ruɓar da ita. Sista ta miƙo mini biron.

Bayan kwana biyu ina shafa mata mai, Malama ta ce, "Ki fitar da ni daga akwatin nan. Ki kai ni cikin mutane." Babban ɗakin mata take nufi, mai gado talatin, mai tari da kukan jarirai. Na kai maganar wurin Sista, ta ce sam. Manya daga ma'aikatar lafiya suna zuwa dubiya, su tarar da Malama NyaHara a tsakanin matan ƙauye, me za a ce da su?

Ban yi musu ba. Wanda ya shekara talatin a kasuwa ya san ba a cin ciniki da gardama. Na tafi rumfar girki, na tsaya a tsakiyar hayaƙi, na ɗaga murya yadda nake kiran masu saye. Na ce, "Mata, wannan kwanon rufin da ya hana ruwa kashe muku wuta, kun san wa ta yi shekara shida tana faɗa kafin a buga shi? Tana can ɗakin ƙarshe ita kaɗai, tana cin tuwo mai sanyi." Na ɗan ƙara gishiri, na ce ta rantse ba za ta ƙara cin komai ba sai girkin masu jinya. Allah ya yafe mini wannan.

Da azahar mata goma sha bakwai suka shigo baranda, kowace da kwano a rufe. Mai tuwon masara, mai tuwon rogo, mai ganyen kabewa da gyaɗa. Suka zauna a ƙasa mai ƙyallin nan suka miƙe ƙafafu, waɗanda ɗakin bai ɗauka ba suka tare hanya, har keken magani ya kasa wucewa. Wata tsohuwa daga Chitipa ta kama hannun da ya mutu tana murzawa tana ce mata "yarinyata". Washegari suka zo su ashirin da wani abu. Ba wanda ya isa ya kori mai jinya daga ɗakin Malama NyaHara, littafinta ne ya hana. A rana ta uku Sista Chavula ta same ni a famfo ta ce, "Mama NyaGausi, kin ci ni. Gado na sha huɗu."

Can muke yanzu. Na kawo tabarmata daga gida, can nake kwana. Gida ma me na bari? Baban Tamara tun da ya tafi Mbeya da motar kaya bai ga hanyar dawowa ba, 'yata Tamara tana Blantyre da mijinta, takan tuna da ni lokacin Kirsimeti.

Malama ta farfaɗo kamar an zuba wa alayyafo ruwa. Daga kan gadon take gudanar da ɗakin da rabin baki. Shekaranjiya wata ɗaliba ta zo auna ta, ta tsallake ƙafafuna kamar buhun gawayi. Malama ta ce, "Yarinya, akwai mutum a ƙasa." Yarinyar ta daskare. Ta dawo ta durƙusa a gabana, gwiwa biyu, ta ce, "Mama, sannu da jinya. Kin ci abinci yau?"

Na shirya mata amsar da za ta sa ɗakin dariya. Sai ga ni ina ta lalube a kaina, yaushe rabon da wani ya yi mini wannan tambayar, ban samo ba. Na ce mata na ci. Ban ci ba.

Gyambon yana rufewa. Malama dai tana raguwa, ina jin haka a hannuna in na ɗaga ta. Takan tambaye ni ko kin faɗi ranar zuwa. Nakan ce kina nema.

Ki huta lafiya, ki gaida yara.

Taki,
Towera


Mzuzu, 20 ga Agusta, 2006

Lusungu 'yar uwata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina yi miki gaisuwar rashi, ke ma ki yi mini. Na san labari ya riga wasiƙata, tunda saƙon ta'aziyyarki ya iso kafin a rufe ta. Abin da waya ba ta faɗa miki ba shi zan faɗa.

Kwana biyar kafin ta tafi, da hantsi, ina yanke mata farce, ta ce, "NyaGausi, kin san abin da ya sa na kore ki?"

Na ce, "Ƙwai."

Ta ce, "Wata uku na yi ina kallonki kafin in kama ki. Duk ɗakin nan ke kaɗai kika san sunan matan da ke ƙasa. Kin san ƙauyen kowace, kin san wadda ta ci da wadda ta kwana da yunwa."

Na ce, "Dole in sani, Malama, su ne kasuwata."

Ta ce, "Wata rana na ji kin ce wa nas, matar gado na shida za ta gudu da ɗiyarta gobe, garin tuwonta ya ƙare. Nas ta yi miki tsawa. Washegari gadon ba kowa, yarinyar kuma ba ta gama magani ba. Mu da takardunmu ba mu gani ba. Ranar na sayi littafin rubutu na fara."

Na ajiye rezar don kada in yanke ta. Na ce, "To me ya sa kika kore ni?"

Ta ce, "Doka ce." Can ta ce, "Kuma na ji haushi a ce mai ƙwai ta riga ni gani."

Na ce, "Sunana yana cikin littafin?"

Ta ce, "Babu."

Lusungu, shekara talatin da biyu ina wucewa ta ƙofar asibitin nan da kwando a ka, ina sunkuyar da kai in na hango farin kaya. Uwata ta mutu tana cewa na zubar da karatu saboda kwaɗayi. Na jira in ji ko za ta ce in yafe mata. Ba ta ce ba, ni ma ban ce na yafe ba. Ta dubi agogon bango ta ce awa biyu ta cika, in juya ta. Na juya ta.

Ranar na tafi gida da niyyar ba zan koma ba. Na share ɗaki, na wanke tukwanen da ba su yi datti ba, na zauna a bakin ƙofa. Ba wanda ya wuce. Kafin la'asar na ga kaina a bakin titi ina tsayar da mota. Da na koma asibiti Malama ba ta tambaye ni inda na je ba, ta dai ce ruwan wankan jiya ya yi zafi da yawa.

Ran Alhamis ta cika, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, rana ta fito a karon farko cikin mako. Ɗakin cike yake da hayaniya, ana rabon magani, wata tana rigima a kan an ɗauke mata bokiti. Ƙafafunta suna kan cinyata ina shafa musu mai. Na ji sun yi nauyi. Tsohuwar nan ta Chitipa ce ta fara kuka, matan tabarma suka ɗauka, kafin masu farin kaya su iso.

A ƙauyensu na Rumphi aka binne ta. Motoci sun fi ashirin. Nas-nas suka jeru cikin farin kaya da kyandir a hannu, abin gwanin kyau, ni ina can baya wajen masu girki, inda warina ba zai dami kowa ba. Wani babba daga Lilongwe ya yi jawabi mai tsawo, ya ce Malama ta samo tunaninta ne lokacin da ta yi karatu a ƙasar Turawa. Aka karanta saƙonki, Turancinki ya ƙara kyau. Aka ce za a sa wa wani ɗakin karatu sunanta.

Da manya suka gama, sai dattijon dangi ya tashi da sandarsa, kamar yadda ake yi. Ya ce, "Mun ji aikinta, mun gode. Yanzu wanda ya yi jinyarta ya tashi ya faɗa wa dangi yadda 'yarmu ta tafi."

Masu kyandir suka dubi juna. Babban nan ya dubi takardarsa. Sista Chavula ta juyo tana nema na da ido har ta same ni a bayan tukwane, ta ce da ƙarfi, "Mama NyaGausi."

Na taso da zanen girki a jikina. Kin san bakina, Lusungu, ni da nake sayar wa masunci kifi. Ga mutum ɗari biyar sun yi shiru saboda ni, ga manyan ma'aikata a kan kujeru, ga zancen ƙwai a kan harshena, dafaffe, ɓararre, sai haɗiya kawai. Ban taɓa samun kasuwa irin wannan ba, ba kuma zan ƙara samu ba.

Na ce, "Iyayena, ni ce na zauna da ita kwana sittin da biyar. Ta ci abinci har ranar Laraba. An yi mata wanka kullum. Ciwon bayanta ya warke kafin ta tafi. Ta cika da rana, a cikin mutane, ƙafafunta suna hannuna. Ba ta tafi ita kaɗai ba."

Dattijon ya ce, "Haka muke son ji. Ke 'yar wace ce a cikinmu?"

Na ce, "Ɗalibarta ce."

Na koma wurin tukwane.

A motar hayar da na dawo a ciki na samu kujerar baya kusa da taga, ba wanda ya san ni, ban yi magana da kowa ba har Mzuzu. Na koma rumfa ran Litinin. 'Yan layin kifi ba su tsokane ni ba, wannan ya fi tsokanar ciwo.

Abin da ta faɗa mini da hantsin nan, mu biyu muka sani, ɗaya tana ƙasa. Ya yi wa mutum ɗaya nauyi, shi ya sa na ɗora miki rabi. Kada ki faɗa wa kowa, kada ki rubuta a ko'ina. Yaran nan suna durƙusa wa matan ƙauye ne don sun yarda babbar Malama ce ta gano abin a cikin manyan littattafai. In suka ji daga aljihun mai ƙwai ya fito, wa ya sani ko gwiwarsu za ta ci gaba da lanƙwasuwa. A bar musu ita yadda take a bango.

In Disambar ta zo kuma kina da sauran niyya, ki zo. Ba wanda za ki yi jinya. Ni ce dai, da ɗaki ɗaya da ba kowa a ciki.

Allah ya ji ƙanta, ya ba mu haƙuri, ya tsare ku a inda kuke.

Ni ce taki,
Towera NyaGausi